Kilo 23 da Abin da Ba Ya Hawa Sikeli

Karatu: Ezra 8:21-34, Luka 10:1-9, Luka 22:35-36

 Kamar yadda aka sanar a sujada, saura kwana tara mu tashi. Mu takwas ne daga zumuntarmu, maza biyar mata uku, kuma za mu yi mako uku a arewacin Gana, wurin wata ƙaramar ikilisiya da ke ƙauye kusa da Tamale. Su ne suka gayyace mu. Aiki uku suka roƙa: mu taya su koyar da yara a hutun Agusta, mu sa hannu a yaɓen ɗakin sujadarsu, mu kuma bi fastonsu ziyarar gida-gida. Da yawanku kun tare ni a ƙofar majami'a kuna tambaya, "Yaya shiri?" Nakan ce da godiya, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. Yau zan ba ku ita cikakkiya.

Tikitinmu ya ba kowa akwati ɗaya mai nauyin kilo 23, da jakar hannu wadda ba za ta wuce kilo 7 ba. A taronmu na farko shugaban tawaga ya ce kowa zai ba aikin kilo 10 daga cikin nasa, saboda littattafan yara, fensiran launi, fitilu masu caji da rana, da sauran abubuwan da aka saya. Saura 13 ke nan. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce ai 13 ta isa har da ragi. To, ya haɗa takalma, tawul, gidan sauro, zannuwa huɗu, sabulu da man shafawa, ya kai wa mai awon masara ya ɗora a sikeli, zai sha mamaki. Tun daga ranar, duk abin da na ɗaga zan sa a akwati sai na tsaya na tambayi kaina: wannan me zai je yi? Haka haɗa kaya ya koma mini nazarin Littafi Mai Tsarki.

Shawarar farko mai amfani daga maƙwabcinmu ta fito, wani dattijo Musulmi mai sayar da goro, wanda muke kira Baba Alhaji tun muna yara. Da ya ji inda za ni, sai ya yi dariya ya ce, "'Yata, ashe Gwanja za ki! Ai hanyar kakannina ce." Ya zaunar da ni a kan benci ya ba ni labarin fatake: yadda ayari kan tashi daga Kano da jakuna, madugu yana jagora, ɗauke da kanwa da tufafin rini da jemammiyar fata, su yi watanni a hanya kafin su kai kasuwar Salaga da ke kudu da Tamale, su dawo da goro. Inda suke yada zango nan ne ya zama unguwa, shi ya sa har yau a Kumasi da Accra ake kiran unguwannin baƙi Zongo, Hausa kuma ita ce harshen cinikinsu. Sannan ya ce, "Falke ba ya ɗora wa jakinsa abin da zai tarar a can. Abu biyu yake ɗauka: abin da zai kai shi da rai, da abin da mutanen can suke nema. Sauran duk wahalar da jaki ne." Da wannan ma'auni na raba kayana.

Abin da zai kai mutum da rai

Takardu na fara haɗawa, don ba su da nauyi amma in babu su babu tafiya. Najeriya da Gana duka suna cikin ECOWAS, kuma yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba mu damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90. Takardar tafiya irin su fasfo dai dole ce, kuma ya fi kyau ta kasance da sauran wata shida kafin ta ƙare. Sai katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar rigakafin cutar shawara. Tun 2016 allura ɗaya ta isa mutum har iya rayuwarsa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya bari sai makon tafiya ya makara. Kowace takarda na yi mata kwafi biyu, ɗaya a akwati, ɗaya a hannun Mama, na kuma ɗauki hotonta a waya.

Bayan takardu sai lafiya. Agusta damina ce a Tamale kamar yadda take a nan Kaduna, sauro kuma bai san iyakar ƙasa ba. Na ɗauki gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikaciyar jinyar tawagarmu ta rubuta, garin gishiri da sukari na gudawa, farasitamol da filasta. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a yarda a sa shi a babban akwati ba. Duk wani abu mai ruwa-ruwa da ya wuce mililita 100 kuwa a babban akwati zai shiga, in ba haka ba a ƙofar bincike za a bar shi. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, na gaya wa Mama kada ta kira ni da asubarta.

Wani ɗan'uwa a zumunta, wanda nake girmamawa ƙwarai saboda naciyarsa a addu'a, ya ga jerin nan ya girgiza kai. Ya ce, "'Yar'uwa, ina bangaskiya a cikin wannan duka? Da Ubangiji ya aiki almajirai biyu-biyu, ai hana su ɗaukar kuɗi da jaka ya yi." Maganar ta tsaya mini a rai, don haka yake a Luka sura 10. Sai na ci gaba da karatu har ƙarshen littafin. A sura 22, a daren da za a bashe shi, Yesu ya tuna wa almajiransa lokacin da ya aike su hannu wofi, ya tambaye su ko sun yi rashin wani abu. Suka amsa ba su yi ba. A nan take ya umarce su daga lokacin su riƙa ɗaukar kuɗi da jaka. Ubangiji ɗaya ne ya ba da umarnin biyu. Na farko ya koya musu wanda yake ciyar da su. Da suka koya, ya ce su yi shiri, don a kwanakin da ke gaba ba kowace ƙofa ce za ta buɗe musu ba.

Haka na gani a wurin Ezra da Nehemiya. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya, don ya riga ya shaida wa sarki cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Sai ya sa aka yi azumi a bakin kogin Ahawa, suka kama hanya ba soja ko ɗaya, suka isa Urushalima lafiya, tafiyar da ta ci wata huɗu. Nehemiya kuwa, zuwa birnin nan guda, ya karɓi wasiƙun sarki da mahayan dawakai, ya kuma lissafta tagomashin sarkin a cikin alherin Allah. Littafi Mai Tsarki bai ga laifin ko ɗayansu ba. Bulus ma, yana tsoho a kurkuku, ya rubuta wa Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa tare da littattafansa, ya kuma yi ƙoƙarin zuwa kafin sanyi ya shigo. Manzon da ya ga manyan wahayi, sanyi yana kama shi kamar kowa.

Mu da muka karɓi bishara a ƙasar nan muna da dalilin ɗaukar maganar lafiya da muhimmanci. A Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Kafin ƙarshen 1894 rashin lafiya ta kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo a jiki. A lokacin duniya ba ta ma tabbatar cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin ba, sai a 1897 aka gano. Su sun tafi cikin rashin sani, Allah kuwa ya girmama hadayarsu, daga cikinta aikin SIM ya tsiro. Mu mun sani. Wanda ya sani ya bar gidan sauro a gida, gwada Allah yake yi. Don haka gidan sauro ya shiga akwati, azumin da tawaga ta sa ranar Juma'a kuma na yi shi. Mama ma ta yi tare da mu, ita da jirgin sama bai dame ta ba kamar hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Abin da mutanen can suke nema

Faston da za mu sauka wurinsa ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, da Hausarsa ta Gana mai daɗin ji, wadda ba ta raba mace da namiji, har ni ma "ka zo lafiya" ya ce mini. Ya fi daɗewa a kan abin da ba ya so mu kawo. Na farko gwanjo. Ya ce kasuwar Tamale cike take da shi, akwai kuma 'yan ikilisiyar da ɗinki da sayar da tufafi ne abincinsu. In baƙi suka raba kaya kyauta, wannan ya samu wancan bai samu ba, su kan tafi su bar shi da ƙorafin da zai yi wata uku yana sasantawa. Na biyu, riguna masu rubutun yaƙi da mamaya da ƙwace ƙasa, irin waɗanda wasu baƙi suka taɓa zuwa da su. Mu mun san yaƙin ruhaniya ake nufi, maƙwabcinsa da ya karanta a bayan riga bai sani ba. Yawancin mutanen Tamale da kewaye Musulmi ne, tare suke biki, tare suke jana'iza, rijiya ɗaya suke ɗiba. Ya ce, "Ku mako uku za ku yi. Mu a nan za a binne mu." Tun da na ji wannan magana ban sāke kallon akwatina kamar nawa ni kaɗai ba. Baƙo raɓa ne, amma abin da ya zubar ɗan gari ne ke kwashewa.

Ko a kan Littafi Mai Tsarki sai da ya yi mana jagora. Mutanen ƙauyen Dagomba ne, Dagbani suke ji, akwai kuma Littafi Mai Tsarki a harshensu wanda za mu saya a can. Yara Turanci suke koyo a makaranta. Na Hausa guda goma kawai ya roƙa, masu manyan baƙaƙe, saboda wasu dattawa 'yan zango da idonsu ya yi rauni. Wannan ya sa na tuna kakanninmu sai a 1932 suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da yawansu ma Hausar ba ita ce harshen uwarsu ba. Mun san bambancin jin Maganar Allah a harshen kasuwa da jin ta a harshen da aka yi maka reno. Siminti da fenti su ma a can za mu saya da sidi, kuɗin ƙasar, ribar ta zauna a garin.

Tufafi ba su ba ni wahala ba da na gane wa nake yi wa sutura. Zane da ɗankwali, riguna masu hannu, atamfa ɗaya ta ranar Lahadi, silifa da takalmin roba na aikin yaɓe. Leshin da na ɗinka don bikin ƙawata ya koma cikin durowa tare da takalmi mai tsini. A madadinsu na sa ƙaramin littafin rubutu inda nake tara gaisuwar Dagbani. Da safe a ce Dasiba, da rana Antire, amsar kuwa Naa ce. Ana rusuna wa dattawa in za a gaishe su, kamar yadda muke yi. Baƙo makaho ne ko da idonsa, amma wanda ya iya gaisuwa zai sami ɗan jagora.

Inda aka kai ruwa rana shi ne abinci. Ran nan na dawo na tarar Mama ta jera kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, yaji da kilishi a kan tabarma. Na auna, kilo 6. Na ce, "Mama, wannan ai rabin kayana ne." Ta ce, "Auta, ƙasar mutane za ki, ba ki san me za su ba ki ba." Na gaya mata babban abincinsu a arewacin Gana sunansa tuo zaafi, wato tuwon zafi. Shinkafa da wake suna ce mata waakye. Da safe koko da ƙosai ne, kokon ma da sunan Hausawa ake kiransa. Fataken Baba Alhaji sun riga mu kai tukunya. Ta yi dariya, amma ba ta kwashe kayan ba, don ba yunwa take ji mini ba. Hannunta take so ya bi ni inda ƙafarta ba za ta je ba. Na gane haka, shi ya sa ban yi gardama ba. Da dare muka karanta Luka 10 tare, inda Yesu ya umarci waɗanda ya aika su ci abin da masu masauki suka kawo musu. Matar fasto za ta tashi da asuba ta tuƙa mana tuwo daga ɗan abin da take da shi. In na fito da ƙullin daddawata na koma gefe, na gaya mata wani abu ke nan game da kaina, kuma zai yi wuya ta saurari abin da zan faɗa game da Yesu. Muka daidaita a kan robar yaji ɗaya, wadda zan miƙa wa matar faston a matsayin tsaraba daga Mama. Kilishin kuwa shugaban tawaga ya ce nama kan jawo tambaya a wurin kwastan, don haka waɗanda suka zo nazari ranar Laraba su ne shaidun inda ya shiga.

Kayan da ba nawa ba

Ni aka ba riƙon kuɗin tawaga, kuma a duk kayana babu abin da ya kai shi nauyi. Na san inda kowace naira ta fito. Zumuntar Mata sun yi Asabar huɗu suna suyar masa. Samari sun wanke motoci bayan sujada. Wata tsohuwa gwauruwa, wadda na san jikokinta uku suna hannunta, ta kira ni bayan majami'a ta kwance bakin zanenta ta ba ni naira 500, ta ce, "'Yar nan, ki sha ruwa a hanya." Ba a kashe irin wannan kuɗi da ka.

Ezra ne ya koya mini yadda ake riƙe shi. Kafin su bar Ahawa ya keɓe mutum 12 daga manyan firistoci, ya auna musu dukiyar Haikali a gaban idonsu, har da azurfa talanti 650 da zinariya talanti 100. Da suka isa Urushalima suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka sāke aunawa, aka ƙirga, aka rubuta. Ba wanda ya ce Ezra ɓarawo ne, shi ya ɗora wa kansa awon. Bulus ma da zai kai gudummawar ikilisiyoyi, ya nemi a zaɓi 'yan'uwa su tafi tare da kuɗin, don kada a sami abin zargi. Saboda haka muna da littafin lissafi. Ba a fitar da ko sisi sai mutum biyu sun sa hannu, rasit kuma yana da ambulan ɗinsa. Lahadin farko bayan mun dawo za mu karanta lissafin a gaban ikilisiya, za mu kuma manna shi a allon sanarwa. Ku tambaye mu. Tambayar taimako ce a gare mu.

Akwai wani kaya kuma da na ƙi ɗauka, shi ne ya fi yi mini ciwo. Wani ɗan'uwan Mama da muke kira Kawu ya zo da ɗan kwali naɗe da seloteb, ya ce in miƙa wa abokinsa a Accra. Dokar tawagarmu ita ce ba a karɓar saƙo sai an buɗe shi a gaban shugaba. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, sai an buɗe." Ya ce shi zan tuhuma, shi da ya goya ni? Ya ɗauki kwalinsa ya fita. Ba na zarginsa da komai, wataƙila takalmi ne ko turare. Amma a filin jirgi duk abin da aka samu a jakarka naka ne, ba a jin "aiko ni aka yi", kuma akwai matasa a kurkukun ƙasashen waje da abin da ya kai su ke nan. Da ni kaɗai ce ma da sauƙi. Mu takwas ne, da sunan ikilisiya a takardar gayyatarmu, da sunan Yesu a kan tafiyar. Yau kwana biyar Kawu bai amsa gaisuwata ba. Jiya na sāke zuwa, matarsa ta ce yana barci. Zan koma kafin mu tashi.

Abin da ke ƙarƙashin sirdi

A daren addu'armu na ƙarshe Baba Fasto ya buɗe Farawa 31. Da Yakubu ya kwashi iyalinsa ya bar gidan Laban, Rahila ta ɗauki gumakan gidan mahaifinta ta ɓoye a cikin sirdin raƙumi ta zauna a kai. Laban ya bincike alfarwa bai gani ba, Yakubu ma bai san suna cikin ayarinsa ba. Sai a sura 35, da Allah ya kira shi zuwa Betel, Yakubu ya sa mutanen gidansa suka fito da baƙin allolin da ke hannunsu, ya binne su a gindin itace kusa da Shekem. Baba Fasto ya rufe Littafin ya ce, "'Ya'yana, na'urar filin jirgi za ta ga cikin akwatinku. Ni ina tambayar abin da kuka zauna a kai." Aka yi tsit.

Ni na san nawa. Ina 'yar shekara tara rikici ya shigo unguwarmu. An ƙone shagon Baba ƙurmus, bai sāke tsayawa da ƙafarsa a kasuwa ba har Ubangiji ya kira shi. Da yawanku kuna da labari irin wannan, wasu ma nasu ya fi nawa zafi. Ba ni na jawo wa kaina wannan kaya ba, ɗora mini aka yi. Amma yana nan. Har yau in na ji hayaniya da dare, ko na ga samari sun taru a bakin hanya, ƙirjina yakan buga. Ga shi za ni garin da zan kwana cikin Musulmi, in sha ruwansu, in zauna a zaurensu, in koyar da 'ya'yan da wasunsu daga gidajensu za su fito.

Yunusa ya kai saƙo Nineba da ciwon mutanen a ransa. Ya yi wa'azi, birni ya tuba, shi kuwa ya fita bayan gari ya zauna yana fushi don Allah ya ji tausayinsu. Ana iya kai saƙon daidai, mai kai saƙon ya dawo bai amfana da komai ba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan zazzaɓi. Mutane kuma suna ganewa. Tsohuwar da zan gaisar a ƙofar gidanta ba za ta ji Hausata sosai ba, amma za ta ga idona.

Abin da Ubangiji ya tuna mini a daren nan shi ne sauran labarin. Kwana biyu da muka yi a ɓoye lokacin rikicin, a ɗakin Baba Alhaji muka yi su. Matansa ne suka lulluɓe ni da Mama da mayafansu, shi kuma ya zauna a ƙofar gida da carbinsa yana cewa ba kowa ciki sai iyalinsa. Gidansa ya sa a haɗari saboda mu. Duk shekarun nan abubuwan biyu suna raina, wutar da mayafin, amma wutar ce ta fi yawan zuwa mini a mafarki. Na roƙi Ubangiji, wanda ya yi wa masu gicciye shi addu'ar gafara tun yana kan gicciyen, ya binne mini na farkon, ya bar ni in tafi da na biyun. Ba zan ce muku an gama ba. Gafara a wurina abu ne da nake sāke yi duk lokacin da abin ya taso. Amma na fito da shi daga ƙarƙashin sirdi, na faɗe shi a gaban 'yan tawaga, suka ɗora mini hannu suka yi addu'a. Wasu biyu ma suka faɗi nasu. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko ba ka da tikitin jirgi, gobe za ka shiga kasuwa ko aji ko ofis, inda Ubangiji ya aike ka. Me ka zauna a kai?

Wurin da na bari

Jiya akwatin ya tsaya a kilo 21. Ba zan cika sauran ba. Fatake ba su taɓa zuwa Gwanja don sauke kaya kawai ba, goro suke dawowa da shi. Ikilisiyar da za mu je ba ta kai mutum 60 ba, ba wutar lantarki, ba kayan kiɗa sai ganga, amma shekaru suna tsaye, suna kuma zaman lafiya da maƙwabtansu. Akwai abin da suka sani game da Yesu wanda mu ba mu koya ba tukuna. Littattafan yara da fitilun za su sauka, kilo 10 ke nan, ina roƙon Allah abin da zai maye gurbinsu ya zama abin da zai amfani zumuntarmu in mun dawo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu takwas ne za mu hau jirgi, amma tafiyar ta dukanmu ce. Ga abin da muke roƙo ku sa a addu'a:

1. Kiyayewa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, da jirgi zuwa Accra, da doguwar motar da za ta kai mu Tamale.
2. Lafiyar jiki, musamman biyu daga cikinmu da ba su taɓa barin gida ba.
3. Faston da iyalinsa, kada zuwanmu ya bar musu nauyi, ya zama ƙarfafawa.
4. Yaran da za mu koyar da iyayensu, da hikimar magana a kowane zaure.
5. Aminci a kan kuɗin da kuka damƙa mana.
6. Iyayenmu da za su kwana da tunani, da kuma sulhu tsakanina da Kawu.

Ya Ubangiji, kai ka san abin da ke cikin jakar kowannenmu da abin da ke cikin zuciyarsa. Ka ba mu abin da zai ishe mu, ka raba mu da abin da zai ɓata sunanka, ka kai mu lafiya, ka dawo da mu da shaida. Cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.

Sai mun dawo, in Ubangiji ya yarda. Salamar Kristi ta kasance tare da ku duka.

'Yar'uwarku cikin Ubangiji.